"Bori take yi": zagi ne ko magana ce kawai?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana Hausa da malamanmu. Kalmar nan "bori" da muke jefa wa wanda ya fusata ya birkice, me take nufi a zahiri, kuma wa ya dace a faɗa wa? Na taso ina jin ana cewa yaro yana bori idan ya kwanta a ƙasa yana birgima da shure-shure don an hana shi abu. Yanzu kuma sai na ji ana faɗa wa manya: "rabu da ita, bori take", "oga ya tada bori a ofis". Surukata kuwa ko kusa ba ta yarda a faɗa wa jikanta ba, ta ce kiran iska ne a kan yaro.

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Ba wani zagi Hajiya, kowa na faɗa. Fushi ne da ya wuce misali, shi ke nan.

Tsohon Hedimasta:
Baban Amira ka yi gajen bayani. Maman Walid, surukarki ta san inda kalmar ta fito, shi ya sa take ƙyamarta.

Bori dai harkar iskoki ce da Hausawa suka gada tun kafin Musulunci ya zauna da gindinsa a ƙasar nan. Wanda aka yi wa girka, wato hidimar shigar da mutum cikin bori, idan aka sa goge ko garaya aka yi kirarin iskarsa, sai ta hau shi. Shi ya sa ake kiran namijin doki, macen kuma goɗiya. Kowace iska da halinta. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta. Malam Alhaji tsoho ne, sai tari da jan carbi. Kuturu yakan dunƙule yatsu ya riƙa korar ƙuda. Sarkin Rafi kuwa shi ne mai zafin, in ya hau mutum sai an ba shi fili.

Ina yaro na gani da idona. Mutum ya yi tsalle sama ya faɗo da mazaunai daɓas a kan tandariyar ƙasa, ya miƙe ya sake, idanu a juye, kumfa a baki, jama'a sun yi da'ira suna kallo. In abin zai sauka sai ya yi atishawa, ya dawo hayyacinsa, ka tambaye shi ya ce bai san me ya yi ba. To ku dubi ɗan shekara 2 da aka ƙwace wa waya: ya sanƙare, ya zube, ya buga ƙeya da ƙasa, can kuma ya tashi yana wasa kamar ba shi ba. Iyayenmu da suka san wancan suka ga wannan, sai suka ara masa sunan. Abin da kalmar ta taho da shi shi ne faɗuwar, da 'yan kallo, da kuma cewa mai yin ba shi ne ke magana ba.

Maman Walid:
Allah ya ƙara girma Baba. Ashe dai da gaskiyarta.

Ɗalibar Harshe:
Baba, wannan na ƙarshen da ka faɗa shi ne duk maganar take a kai, ina roƙon kada a wuce shi da sauri.

Hausa ba ta rasa kalmomin fushi ba. Mutum yana iya fushi bai ce uffan ba, ya kwana uku yana ɗaure fuska. In an ce ya hasala ko ya harzuƙa, an nuna akwai abin da ya tunzura shi. Masifa da bala'i da fitina duk daga Larabci muka samo su, kuma a can sunayen musiba ne da jarrabawa, mu muka mayar da su sunan faɗa da baki, har muka ƙera "masifaffe" da "masifaffiya". Tijara a Larabci ciniki ce, tushenta ɗaya da attajiri, amma a bakin Bahaushen yau in an ce an yi wa wani tijara, an ci masa mutunci ne a bainar jama'a. Duk waɗannan, ko da ba su da daɗi, sun yarda cewa mutumin yana faɗin wani abu. Mai masifa ana jin abin da yake cewa, ana ma iya rama masa.

Bori ba haka yake ba. Da zarar ka ce wane bori yake, ka yanke hukunci cewa maganarsa ba ta bukatar amsa, jira kawai za a yi ya sauka. Ai ba a muhawara da wanda iska ta hau. Ga yaro ƙarami wannan gaskiya ne, don a lokacin ba ya jin kira. Ga babba kuwa, ƙwace masa magana aka yi.

Baban Amira:
Kin zurfafa da yawa 'yar'uwa. Wa yake tuna iskoki in ya ce matarsa tana bori?

Ɗalibar Harshe:
Ba sai ya tuna ba. Gwada faɗa wa mahaifinka "Baba bori kake yi" ka gani. Za ka iya cewa "Baba ya yi fushi", har "Baba ya yi faɗa". Me ya hana waccan ta fita daga bakinka?

Baban Amira:
A'a, wannan kam ba ta faɗuwa.

Ummu Sadiƙ:
Ni an faɗa mini, don haka bari in ba ku labarin yadda take a jikin wanda aka faɗa wa.

A wurin aikinmu an riƙe mana alawus wata da watanni. Na bi ta kowace hanya, na rubuta takarda, na je da lallami, kullum sai a ce in dawo. Ranar da na tarar an biya wasu an tsallake sunana, ga yaro a kwance ba lafiya, na shiga ofishin mai kula da biyan na ɗaga murya. Ban zagi kowa ba. Takardar tana hannuna ina nuna masa kwanan wata, hannuna na rawa. Bai ko kalli takardar ba. Ya juya ga masinjansa yana murmushi ya ce, "Ku bar ta ta gama borinta." Waɗanda ke bakin ƙofa suka yi dariya.

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, don zagi ana ramawa. Wannan kuwa me zan ce? In na ƙara ɗaga murya na tabbatar masa, in na yi shiru na fita an ce borin ya sauka. Ko ta ina ya gama da ni, kuma maganar kuɗin ba a sake tada ta a ranar ba. Har yanzu in na shiga wani sashen sai in ji ana raɗa "mai borin nan".

Maman Walid:
Subhanallah. Allah ya bi miki haƙƙinki 'yar'uwa.

Abu Hafsa:
Hajiya Allah ya saka miki, abin da ya yi bai kyauta ba. Amma kada mu ɗauki labari ɗaya mu kashe kalma. Akwai manya masu bori na gaske, kuma ba wani suna da ya fi dacewa da abin da suke yi. Kowa ya san irin mutumin da za a kama shi dumu-dumu da rashin gaskiya, maimakon ya ba da haƙuri sai ya fara tada jijiyar wuya, ya cire hula ya buga da ƙasa, yana "ni za a yi wa haka?", don dai a bar maganar laifin a koma rarrashinsa. Bahaushe ya ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma shi ne borin kunya. Alamarsa a fili take: in jama'a suka watse sai ya lafa nan take, ko in aka ba shi abin da yake so. Fushin gaskiya ba ya duba ko akwai masu kallo. Irin wannan in ba ka kira shi bori ba me za ka kira shi?

Kuma a faɗi gaskiya, mata sun fi yi.

Ummu Sadiƙ:
Malam, ka fara da kyau ka ɓata a ƙarshe. Mata ba su fi yi ba, an fi faɗa musu ne. Namiji ya fasa kofi, ya banko ƙofa, ya fice da mota a guje, sai a ce "wane akwai zuciya", kamar ma yabo. Har uwarsa za ta ce gado ya yi, haka kakansa yake. Mace ta yi rabin haka an ce bori, ko aljanunta sun tashi. Sau nawa ka ji an ce masifaffe, sau nawa ka ji masifaffiya?

Abu Hafsa:
Ni dai abin da na gani na faɗa.

Ɗalibar Harshe:
Ku lura da yadda ake faɗar na mazan ma: "ya hau dokin zuciya". Shi ne a sama, linzami na hannunsa ko da ya sake shi. A bori kuwa mutumin ne dokin, wani ne ya hau shi. Ɗaya an bar masa hankalinsa an ce ya yi kuskure, ɗayar an ce ba ta cikin hankalinta.

Malam Mai Allo:
Bismillah. Na karanta duk abin da aka rubuta. Akwai hadisai biyu da suka yi daidai da wannan magana, duk a cikin Bukhari da Muslim suke.

Na farko daga Sulaimanu bin Surad. Mutum biyu suna zage-zage a gaban Annabi (SAW), ɗaya fuskarsa ta yi ja don fushi. Annabi ya ce ya san kalmar da in ya faɗe ta abin da yake ji zai gushe, wato neman tsarin Allah daga Shaiɗan. Da aka je aka gaya wa mutumin, sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ku duba, nasiha ce ta gaskiya daga mafi gaskiyar halitta, amma mai fushi ya ji ta kamar an ce ya haukace. To ina ga wanda aka ce masa ƙarara bori yake? Ba mai hucewa da wannan kalma, sai dai ta ƙara masa wuta.

Na biyu daga Abu Huraira. Wani mutum ya zo karɓar bashin raƙumi da yake bin Annabi (SAW), ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi. Annabi ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da ta cewa. Sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Bai tsaya kan yadda mutumin ya yi magana ba, haƙƙin ya duba. Hajiya Ummu Sadiƙ, wannan hadisin naki ne.

Amma ba lasisi ba ne ga kowa. Hadisi na 16 a Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa, mutum ya nemi wasiyya aka ce masa kada ka yi fushi, ya maimaita tambayar aka maimaita masa amsar. Aya ta 134 a Ali Imrana ta yabi masu haɗiye fushi. Mai fushi ana nemansa da ya kame kansa, wanda ake yi wa fushin kuma ana nemansa da ya saurara. Kowa da nasa nauyin.

Game da surukar Maman Walid: faɗar kalmar ba ta kawo wa yaro iska, ba abin da ke samun bawa sai da izinin Allah. Sai dai laƙaba wa mutum ita har ta zama sunansa, kamar yadda ake yi wa 'yar'uwarmu a wurin aiki, wannan ya shiga jifa da laƙabi da aya ta 11 a Hujurati ta hana.

Ummu Sadiƙ:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Ban taɓa jin na mai raƙumin ba.

Basakkwace:
Allah shi saka ma Malam. Mu nan tsohinmu ba su wasa da wagga kalma, kuma akwai dalili. Kafin jihadin 1804, Inna ta Gobir ita ad da shugabancin bori, mace ce mai sarauta da ƙarfi a fada. Bayan jihadi anka yaƙi abin. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajjoji, wato malamai mata, ƙauyukka suna koya ma mata addini da waƙoƙi, don su samu madadin zuwa wurin 'yan bori in ciwo ko baƙin ciki ya same su. To gidan da anka taso da wanga tarihi, ka ce ma ɗiyarsu tana bori, ba hushi kaɗai kac ce ta yi ba. Ka taɓa addininta.

Bamaraɗe:
Gaskiya ne ɗan'uwa. Mu a wajen Maraɗi da Tsibiri abin bai zama labari ba, har yanzu akwai masu yi, an san su an san gidajensu. Don haka in ka ce wance tana bori, sai wani ya ɗauka da gaske kake, ya tambaye ka wa ya yi mata girka. Na lura 'yan birni da ba su taɓa ganin hawan bori ba su ne suka fi saurin faɗar kalmar. A wurinsu ta yi sauƙi don ba hoton komai a bayanta.

Tsohon Hedimasta:
Tunda ana gyara, bari in ƙara ɗaya da ke damuna. Yaran yanzu suna haɗa bori da bore. Sai ka ga an rubuta "ɗalibai sun yi bori saboda ƙarin kuɗin makaranta". Bore ake nufi. Bore shi ne a ƙi bin umarni a fito fili a yi tawaye, kamar yadda mutanen Satiru suka yi wa Turawa a 1906 kusa da Sakkwato. Mai bore yana da bukata, ya san abin da yake nema, ana iya zama da shi a tattauna. Wasali ɗaya ne ya raba su, amma in ka rubuta bori a wurin bore ka mayar da masu koke masu tambotsai. Wani lokaci kuskuren alƙalami ne. Wani lokaci kuma ina zargin da gangan ake yi.

Baban Amira:
Baba wannan kam ni ma ina gani sosai a Facebook.

Anti Nas:
Ni ta ɓangaren yara zan shigo, don a nan kalmar take yi mana aiki, a nan kuma take cutar da mu.

Birgima da ihu tsakanin shekara 1 zuwa 4 ba ciwo ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Yaro ya fara sanin abin da yake so amma bakinsa bai kai ya faɗa ba, kuma bai iya danne ransa ba tukuna. Yunwa da barci da gajiya suna ƙara shi. Yawanci 'yan mintoci ne ya wuce. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki tsaya kusa, kada ki biye masa da ihu, kada kuma ki ba shi abin da kika hana don ya yi shiru, in ba haka ba kin koya masa hanya. In ya lafa ki ɗauke shi.

Akwai kuma yaran da in sun tsananta kuka sai numfashi ya ɗauke, leɓe ya canja launi, wani har ya shiɗe na ɗan lokaci ƙasa da minti ɗaya. Ana ganin wannan daga wata 6 zuwa shekara 6. Ba da gangan yake yi ba. A kwantar da shi a gefensa, kada a jijjiga shi, kada a watsa masa ruwa, kada a cusa masa cokali a baki. Daga baya a kai shi a duba jininsa, don sau da yawa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini.

Inda nake jin tsoro shi ne a kira farfaɗiya bori. Yaron da zai zube haka kawai ba wanda ya ɓata masa rai, yana jijjiga, ko ya saki fitsari, ya tashi a gajiye ya yi barci, wannan asibiti yake bukata. Haka mai jego da ta birkice a makonni biyun farko bayan haihuwa, ba ta barci, tana surutai, tana faɗa da kowa. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 bayan haihuwa, yana da magani, kuma na gaggawa ne don ita da jaririn duk suna cikin haɗari. Na sha ganin an kawo irinsu a makare, dangi na cewa sun ɗauka bori take don miji ya yi maganar ƙarin aure.

Maman Walid:
Anti na gode ƙwarai. To in ban ce bori ba, me zan ce wa yaron? Ba na son saɓa wa surukata a kan kalma ɗaya.

Tsohon Hedimasta:
Ki ce yana rigima, ko ya tubure. Duk Hausa ce tsantsa kuma ba wanda zai ɗaga gira.

Abu Hafsa:
Na ji duka, na kuma karɓi maganar Malam. Amma ina nan kan bakana a kan borin kunya. In muka daina faɗarsa mun ba marasa gaskiya mafaka. Mutum ya ci amana, a tambaye shi, ya tada hayaniya, kowa kuma ya yi tsit don kada a ce an raina fushinsa? Dole a samu mai cewa malam wannan borin kunya ne, zauna ka amsa tambaya.

Ɗalibar Harshe:
A nan ban saɓa maka ba Yaya. Borin kunya daban yake da bori zalla, domin ya ambaci dalili. Wanda ya ce borin kunya kake, ya ce akwai laifin da kake rufewa, kuma ana iya tambayarsa wane laifi, ya kawo ko ya kasa. Maganar tana nan a kan tebur, an ma dawo da ita ne. "Ku bar ta ta gama borinta" kuwa ba ta ambaci komai ba, ta ɗauke maganar ne gaba ɗaya. Shi ya sa wanda ke sama ya fi son ta. Ban taɓa jin masinja ya faɗa wa darakta a gabansa ba.

Abu Hafsa:
To ai sai a tambayi Hajiya ko ta tabbata ranar ba ta wuce gona da iri ba. Ba don in kare mutumin ba, don dai a ji ɓangare biyu.

Ummu Sadiƙ:
Na ɗaga murya, ban musa ba, kuma ba kunyar da nake rufewa. In ya ce na yi masa tsawa a ofishinsa sai mu je gaban na sama da shi, ya faɗi nasa in faɗi nawa, in an ce in ba shi haƙuri a kan tsawar zan ba shi. Amma a fara karɓar takardar a duba kwanan watan. Tana nan a jakata, har yau ba wanda ya karɓa.